Gidan da Aka Hana Kuka

Rana ta jingina da duwatsun Bikita, shanu sun shigo, Chenesai tana durƙushe a ɗakin girki tana tuƙa sadza, tuwon masararsu, sai dutse ya faɗo ta cikin jinka ya sauka a gefen murhu. Ba wani ƙaton dutse ba ne. Sumul yake, irin na ƙasan kogi, kuma a jiƙe, alhali rabon garin da ruwan sama tun kafin a cire masara.

Amai, uwar gidan, ta dubi dutsen, ta dubi yarinyar, ta ce, "Ci gaba da tuƙinki."

Ba wanda ya tambayi daga ina ya fito. Tun ranar da Togara, ɗan Amai tilo, ya kai shanu gurbin da ke gindin dutse, aka tsinci takalmansa a jere a bakin ruwa, kowa ya san njuzu ce ta ɗauke shi, 'yar ruwan nan mai dogon gashi. Dokarta ɗaya ce. Wanda ta ɗauka zai dawo, muddin ba a yi masa kuka ba. Hawaye ya ɗiga ko guda, ya zama nata har abada.

Chenesai budurwarsa ce, manya ma sun fara kai-kawo. Da abin ya faru ta ɗauro 'yan kayanta ta tare a wurin Amai, don uwa ita kaɗai a ɗaki ba za ta iya riƙe idonta ba. Gadin juna suke yi. In leɓen ɗaya ya fara rawa, ɗayar ta mintsine ta.

Sekuru Gwenzi, abokin wasan gidan, wanda ko a wurin makoki aikinsa ya sa mutane dariya, ba ya fashin zuwa da yamma. Ranar ma ya leƙo, da ɗankwalin Amai a kansa.

"Ango yana can yana cin kifi, mu muna nan da ganyen kabewa. Chenesai, ki haƙura ki aure ni. Haƙorana huɗu, amma duk nawa ne."

"Sekuru, ko akuyarmu cewa ta yi sai ta yi shawara."

Ba su gama dariyar ba murya ta taso daga cikin randa, a hankali, kamar mai magana daga ƙasan rijiya.

"Amai, sanyi nake ji."

Muryar Togara ce. Amai ta cusa bakin zanenta a baki ta cije. Gwenzi ya fizgi tukunya da muciya ya kama kiɗa, yana wata waƙa marar kai, har muryar ta yi shiru.

Daga nan kowace faɗuwar rana sai an yi. Duwatsu su sauko, tabarmi su jiƙe, a buɗe kwano a tarar da yashi. Muryar ta bar uwar ta koma kan yarinyar, tana kiran ta da sunan da shi kaɗai yake kiran ta, tana tuna mata hanyar makaranta da mangwaron da suka sata. Chenesai takan fita ta ɗaga kai sama, ido buɗe, har iska ta busar da shi. Ta rame. Matan gari suka ce zuciyarta dutse ce, ita kuwa ba ta da damar musu.

Wata yamma ta faɗi a tsakar gida. Ƙafafunta suka manne da juna, ruwa yana tsiyaya daga kitsonta, tana jan ciki ta nufi hanyar kogi. Maza biyu da ƙyar suka riƙe ta.

Aka kira Mbuya Nyeve, tsohuwar da ita ma njuzu ta taɓa ɗauka tana yarinya, ta dawo da kwandon magani. Ta shimfiɗa baƙin ƙyalle, ta barbaɗa garin taba a ƙasa, ta tafa hannu cikin ladabi.

"Uwar gurbi, wannan ba aikinki ba ne. Jifa da kwaikwayon murya ba sa cikin doka. Ba su yi kuka ba."

Bakin Chenesai ya buɗe, amma muryar ba tata ba ce. Siririya ce, kuma a gajiye.

"Na tsefe masa gashi. Na nuna masa shanuna da gonakina na ƙarƙashin ruwa. Yakan juya mini baya ya kwana yana kiran sunan yarinyar nan."

"To, ki sake shi."

"Doka ta ce in mayar wa uwarsa. Ba ta ce yaushe ba. Sai in bari a binne ta tukuna."

Mbuya ta ambaci farin ƙyalle, da duwatsun wuya, da bunsuru, a matsayin fansa. Muryar ta yi wata 'yar dariya mai kama da shessheƙa.

"Ina da su. Yarinyar nan nake so ta tafi, sai in sake shi. Ta bar duk ƙasar da kogina yake shayarwa, kada idonsa ya ƙara sauka a kanta. Na rasa, ita ma ta rasa."

"Sake ta ta amsa da bakinta."

"A'a, uwarsa ce za ta amsa."

Amai ta dubi hannun yarinyar, ga tabon ƙuna da ta samu a murhun gidan nan. Gwenzi ya ce, "Amai, dakata mana." Ba ta ko waiwaye shi ba.

"Na yarda," in ji ta.

Randar da ke ɗaki ta tsage, ruwa ya malalo ya bi gangare. Ƙafafun Chenesai suka rabu da juna. Ta farfaɗo tana laluben hannun Amai.

"Me ta ce? Zai dawo?"

"Zai dawo, 'yata."

Yarinyar ta rungume ta tana dariya, Amai kuwa ta tsaya ƙiƙam kamar turmi. Mbuya Nyeve ce ta ja Chenesai gefe ta gaya mata sauran.

"Da ni aka tambaya, abin da zan ce ke nan," in ji Chenesai. "Da ma an bar ni na faɗa."

Da safe, masu ganga suna gangarawa gurbi don tarbar Togara, Gwenzi ya ɗauki jakar Chenesai ya raka ta bakin titi. Ya fara ba ta labarin ranar da ya sa wa malamin coci kwaɗo a hula, ya kai tsakiya ya manta ƙarshen. Motar zuwa birnin Mutare ta tsaya.

"Sekuru, yanzu zan iya yin kukan?"

"Bai fito ba tukuna. Riƙe har ki ji kiɗan ya ɓace."

Ta hau ta zauna a bakin taga, ta ɗaga kai sama, ido buɗe. Iskar safiya tana kawo gangar har cikin motar, direba kuwa ya sauka yana shan shayi, bai da niyyar tashi.