Miyar Ganyen Teku Ranar Gasa

Allah sarki Bok-sil! Tun da mahaifiyarta ta rasu ba ta ƙara sanin hutu ba a shagon innarta Mal-sun da ke kasuwar Mangwon. Ita ce wankin kabeji, ita ce dakan barkono, gishiri duk ya tsattsaga mata hannu, amma bakinta bai daina waƙa ba. Mu maƙwabta mun sha hawaye saboda muryar nan, ko da yake wani lokacin laifin albasa ne.

Da aka yi shela a talabijin cewa Malam Pyo, tsohon mai tsara waƙoƙin wasan dandamali, yana neman yarinyar da za ta ja sabon wasansa, sai Bok-sil ta shiga, Hye-ran 'yar Inna ma ta shiga. Nan fa wahala ta ninku! Aka ɓoye mata takalmi, aka ƙone rigarta da dutsen guga, aka jibge mata kabeji ɗari ranar gwaji... Duk da haka su biyun suka kai zagayen ƙarshe. Bok-sil ta san in ta faɗi, ita da kabeji mutu-ka-raba.

Da safiyar gasar Inna ta ja 'yarta kicin tana raɗa. "Ungo alewar shinkafa, danƙonta zai manne ki da sa'a. Waccan kuwa miyar ganyen teku na dafa mata. Wa ya taɓa shan miya mai santsi ranar jarrabawa bai zame ba?"

Abin da Inna ba ta sani ba, ranar ce ranar haihuwar marainiyar, kuma a wurinmu wannan miyar uwa ke dafa wa ɗanta duk shekara. Bok-sil na ganin kwanon ta durƙushe, hawaye shar-shar.

"Inna... ashe kin tuna? Shekara tara rabona da ita!"

"Sha dai, akwai ƙari," in ji Inna, ba ta ma fahimci zancen ba. Kwano uku yarinyar ta shanye tana sa mata albarka.

Malam Pyo kuwa ya gaji da kukan ƙarya, makonni yana shaƙar man zafin da 'yan takara ke gogawa a ƙasan ido. Hye-ran ce ta fara hawa, ta cusa alewa huɗu don sa'a ta yi yawa. Makaɗa suka tashi, haƙora suka ƙi rabuwa!

"Mmmm... mmmm!"

"'Yata," in ji Malam Pyo, "wannan baitin ba ni na rubuta shi ba."

Sai Bok-sil ta fito, ta rera waƙar yarinya mai kiran uwarta, har mai ɗaukar hoto yana jan majina. Tsohon ya cire tabarau.

"Wa ya sa ki wannan kukan na gaskiya?"

"Innata ce, Malam. Yau ta dafa mini miyar ganyen teku."

Zauren ya ɗauki salati. "Ranar gasa?!"

"Ranar haihuwata ce, ta tuna da ni..."

Inna ta yi zumbur ta miƙe cikin 'yan kallo. "Ƙwarai kuwa! Ni da na riƙe ta kamar 'yar cikina!"

"Madalla, baiwar Allah," in ji Malam Pyo. "Shekara nawa ta cika?"

Inna na cikin ƙirgen yatsu alewar ta saki bakin Hye-ran, ga abin magana manne a rigarta. "Mama, ba cewa kika yi don ta zame ba?"

Wayyo kunya! Ƙasa gaba ɗaya ta ji a talabijin. Malam Pyo ya ba Bok-sil wasan nan take, Inna kuwa har yau ita ke wanke kabejinta, kuma ba mai wucewa bai tambaye ta ko da sauran miya ba. Mahaƙurci mawadaci! Amma abin da ya karya mana zuciya shi ne yadda yarinyar ta juyo daga kan dandamali, fure a hannu, ta share ido.

"Ko ma don me kika dafa, Inna... ta yi daɗi. Irin ta mamata ce."