Wadda Ba Ta Naɗe Wuya

Ku matso, ku rage murya. Wannan a fadamar bayan garinmu aka yi shi.

Cindo maharbi ne, amma irin wanda duk farin tsuntsu balbela ce a wurinsa. Matarsa ta haifi mace, gidan babu ko ƙashin miya. Dab da magariba, lokacin da masu hankali ke dawowa, shi ya saɓa bindiga ya nufi fadama.

Ya tarar fararen tsuntsaye sun rufe ruwa. Bai tsaya dubawa ba, ya ɗana ya saki. Suka watse, suka sauka can gaba. Ko ɗaya bai faɗi ba.

"Sannu da aiki, maharbi."

Wata tsohuwa ce tsaye cikin ruwa, a kan ƙafa ɗaya. Da ta tako, sai ya ga gwiwarta baya take lanƙwasawa. Tsoro ya kama shi.

Ta ce, "Ka firgita min 'ya, ta shige cikin baƙi. Fito min da ita kafin a kira salla. In ka kasa, akwai taka a gida."

"Iya, ai duk balbelu ne."

"To."

Ya duba. Fari, fari, fari. Ga wani dogo can gefe, har ya buɗe baki, sai ya tuna farin zalɓe ma dogo ne. Rana ta kusa nutsewa. Can abin da ya sha gani bai taɓa kulawa ba ya faɗo masa: balbela da zalɓe in sun tashi naɗe wuya suke yi, gauraka kuwa miƙe nata take.

Ya tafa da ƙarfi. Suka tashi buu, kowanne wuya a naɗe. Sai guda ɗaya, wuya miƙe kamar sanda, bakin fikafikanta baƙi.

Ya ɗaga hannu, ya yi maza ya mayar. Ba a nuna na mutanen ɓoye da yatsa. Ya turo baki.

"Ga ta can. Farar gauraka."

Tsohuwa ta ce, "Da ka miƙa yatsan nan, da ya bi ta."

Ladan ya ɗaga murya. Cindo ya waiga, babu kowa sai ruwa.

Da gudu ya isa gida. Jaririya na barcinta lafiya lau, amma a tsakiyar kanta ga farin gashi, wanda da safe babu shi. Ranar suna wanzami ya aske, ya sake tsirowa fari.

Kar wanda ya bi fadamar nan shi kaɗai da magariba. Mai musu kuma, gobe ya leƙa kan Gwaggo Hanne in ta cire ɗankwali, ai ita ce jaririyar.