Sarewa Biyu a Faifan Malam Yusufu

Da Kubura ta san abin da wannan busa za ta jawo mata, da ta toshe kunnuwanta tun a bakin rijiya.

Asalin abin faifai ne. Malam Yusufu, malamin makarantar Gwandu, ya zo da garmaho, na'urar kunna faifai, daga Sakkwato, da faifan kiɗan Turawa guda: sarewa biyu na kiran juna, goge masu yawa na bin su a baya. Fuska ɗaya kiɗan sauri ne kamar 'yan maruƙa na tsalle, ɗaya fuskar kuwa sanyi ne mai sa hawaye. Babanta Lawal mai goge ya je ya saurara, haka ma Hassan makiyayi da abokinsa Atiku, har makiyayan biyu suka iya busa shi da ka a sarewa.

Hassan na son Kubura, amma mahaifinsa a Kalgo ya ce ɗansa ba zai auri 'yar makaɗi ba. Kunya ba ta barin Hassan ya kawo amsa da baki.

"Zan sake roƙonsa, Kubura tawa. In ya yarda, za ki ji mai saurin a bayan rijiya. In ya ƙi..."

"Mai sanyin," ta ƙarasa masa.

Atiku, wanda shi ma yake sonta a ɓoye, na tsaye yana ji.

Ranar Laraba da hantsi busa ta taso daga cikin dawa.

Mai sanyin ce.

Guga ya suɓuce mata. Ko dubawa ba ta je ta yi ba. Ta koma gida ta cire munduwar da Hassan ya ba ta, ta ba wata mai tallan nono ta mayar masa, ta ce a gaya masa ta ji, kada ya ƙara zuwa.

Kwana huɗu ba ta ci abin kirki ba. Lawal, wanda yake gida lokacin busar, ya kasa zama, ya yi ta tambaya har ta faɗa masa. Sai ya dafe kai.

"Ɗiyata, ai na ji busar nan. Ba numfashin Hassan ba ne. Shi yana kai dogon jan nan har ƙarshe, wannan kuwa ya yanke shi biyu. Atiku ke yin haka."

"Baba... me na yi?"

Washegari suka shiga motar kaya zuwa Kalgo. Rugar su Hassan ba kowa, sai turaku da toka. Wata tsohuwa mai tsintar kashin shanu ta ce musu uban ya yarda tun ranar Talata, yaron na shirin tafiya Gwandu aka kawo masa munduwa. Shekaranjiya suka kora shanu kudu.

Kubura ta durƙusa cikin tokar.

Lawal ya kwance gogensa ya ja mai saurin, ya roƙi duk makiyayin da ya wuce ya kai kiɗan gaba.

Har yau ba wanda ya san ko ya kai kunnen Hassan.