Hayaƙin Kaskon Gidan Jabesa

Idan ka shiga kasuwarmu ta Agaro, a layin masu gishiri da man shanu, za ka ga wani dogon mutum cikin tsohuwar kwat, riƙe da kaskon suyar gahawa wanda babu komai a cikinsa. Zai miƙo maka shi saitin hanci ya ce ka shaƙa. Kada ka shaƙa, kada kuma ka ji tausayinsa. Sunansa Jabesa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, kuma abin da ban gani da idona ba, shi da bakinsa yake faɗa wa duk wanda ya tsaya.

Da can ɗan dillali ne. In 'ya'yan gahawa suka yi ja sai ya bi gonaki da buhu, ya saya, ya kai wa yayansa Nagawo mai wurin wankin gahawa da shanya. Bai taɓa kwana da yunwa ba. Yana da mata, Dinkitu, da 'ya ɗaya, Kulani, ga tsohuwarsa a ɗakin baya. Amma duk ranar da motar Nagawo ta wuce sai ya tofar da yawu.

"Ciki ɗaya muka fito," yakan ce, "shi da takalmi, ni da ƙaya."

"To rage tofar da yawun, kada ka bushe," in ji Dinkitu.

Ba mota kawai yake so ba. So yake ya ga gahawarsa cikin jaka mai ƙyalli a manyan kantunan Addis Ababa, har da na filin jirgi inda baƙi ke saye. Wannan ƙishi ne ya kai shi dajin Gera, wurin wani boka da ake kira Abba Dukkana.

Da rana tsaka ya isa, amma rana ba ta sauka a wurin. Bukkar tana ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya, a gefenta akwai itacen gahawa guda ɗaya wanda 'ya'yansa ba sa yin ja, daga kore sai baƙi. Ko tsuntsu ba ya sauka a kansa. A rassan an rataye fasassun butocin gahawa ta wuya, da igiyar da aka tufka da gashin mutane. Cikin bukkar finjalai ne a kife, an jera su sun kewaye wani tsohon turmi da bakinsa ya yi baƙi da busasshen jini. Ba ɗanyar ciyawa a ƙasa, ba turaren wuta, irin yadda muke yi wa zaman gahawa. Bokan kuma bai ɗora buta ba. Mu nan ko maƙiyinka ya shigo sai ka ɗora masa buta. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya juya.

"Ɗan dillali, me ka kawo?" in ji bokan.

"Baƙin bunsuru. In bai isa ba na ƙara saniya."

"Kai wa mahauta. Wanda nake yi wa aiki ba ya cin nama. Numfashi yake sha."

Ya fita ya tsinko baƙaƙen 'ya'yan, ya zuba a turmin, ya ɓare su da taɓarya yana wasu maganganu ƙasa-ƙasa. Jabesa ya ce yana kallo finjalan suka riƙa rawa a ƙasa ba mai taɓa su. Bokan ya kwashi ƙwayar, cikin tafin hannu ɗaya, ya ƙulle a baƙin ƙyalle.

"A soya su a wurin da yake naka, a gaban mutane, gahawarka za ta kai inda kake so. Wanda hayaƙin ya fara shiga hancinsa, nawa ne."

"Ko wane ne?"

"Wanda ya fara."

"Ko da ɗan'uwana ne?"

Bokan ya yi dariya. "Na tambaye ka suna?"

"Daga shi kuma shi ke nan? Ba za ka dawo min da wata magana ba?"

"Ni ba na zuwa wurin kowa. Ku ne kuke dawowa."

Jabesa ya fito yana murna, don ya riga ya gama lissafinsa. In an soya gahawa, babban baƙo ake fara kai wa kaskon ya jawo hayaƙin da hannu ya sa albarka. To sai ya gayyaci Nagawo. Kamar sauran mazanmu, Jabesa bai taɓa durƙusawa gaban kurfoti ba. A kujera yake zama a miƙo masa finjali. Bai tuna da wadda take riƙe da kaskon ba.

Ranar ni da innata muna wurin, don ba a shan gahawa a bar maƙwabta. An baza ciyawa, an zuba gugguru a faifai.

"Yau kuma wace rana ce, ƙane?" in ji Nagawo. "Ko mutuwa za ka yi kake neman gafara?"

"Zauna dai, Yaya. Wata ƙwaya na samo, ina so hancinka ya fara yanke mata hukunci."

Dinkitu ta kwance ƙyallen ta jujjuya ƙwayar a hannu. "Wannan daga gonar wa?"

"Ke dai soya."

Ta wanke, ta zuba a kasko, ta sunkuya tana juyawa. Ƙwaya ta farko ta fashe, hayaƙi ya miƙe ya rufe mata fuska. Ta yi tari, ta share ido da gefen mayafi, sannan ta tashi ta kai wa Nagawo. Ya jawo hayaƙin da hannu biyu ya ce lallai wannan ta kai. Jabesa yana kallonsa yana murmushi.

Nagawo yana nan har yau, ya ƙara tumbi ma. Dinkitu ce ta wayi gari ba ta jin ƙamshin komai. Daga nan sai tari, tana tofar da wani abu baƙi kamar guntun gahawa na ƙasan buta. Kafin a gama tsinkar shekarar aka kai ta makwancinta. Ba a tashi daga zaman makoki ba wani attajiri ya zo daga Addis Ababa, ya ɗanɗana gahawar Jabesa, ya ce bai taɓa shan irinta ba.

Haka Warke ta fito, wato zinariya, sunan da ya sa wa kayansa. Soyayyiyar ƙwaya ce cikin baƙar jaka mai rubutun ruwan gwal. Gahawar gonakinmu ce, wadda muka sani, amma in ta shiga jakarsa sai mutane su yi ta rububi. Ya rushe gidan ya gina bene. Ya sayi mota wadda ta fi ta Nagawo, yana bi ta ƙofar gidansa yana danna oda ba dalili.

Sai masu kantuna suka ce mutanen birni ba su da turmi, niƙaƙƙiya suke so. Ya niƙa ya kai, ba wanda ya kalla. A nan ne nake cewa kada a ji tausayinsa, domin ya riga ya gane abin da ya kashe matarsa, kuma ya koma dajin.

"Yaya uwargida?" in ji bokan.

"Ka cuce ni, tsohon banza."

"Na ce wanda ya fara. Laifina ne da ba ka san mai riƙe kasko a gidanka ba? In zagi ka zo yi, ga hanya."

Jabesa bai bi hanyar ba. Hannu ya miƙa.

Wannan karon ya ɗauko wata baƙuwa cikin masu zuwa tsinka daga nesa, wadda ba ta da kowa a garin, ya zaunar da ita gaban kurfoti, ya ba ta ƙyallen, ya fita ƙofa tarbar mutane. Tsohuwarsa ta leƙo ta ganta.

"Ke 'yar wace ce? Tashi min daga nan. Ina raye baƙuwa za ta soya gahawa a gidan da na haifi mai shi? Me maƙwabta za su ce, hannuna ya mutu?"

Kafin ya dawo tsohuwar ta riga ta sunkuya a kan kaskon. Ita ba ta yi tari ba. Washegari ta jawo turmi tsakar gida ta fara dakan wofi, tana kiran Dinkitu ta kawo ruwan zafi. In an ƙwace taɓaryar sai ta daka da hannu har ya fashe. Muna jin dakan ta katanga tun safe har magariba, wata da watanni, har ranar da muka ji shiru. Niƙaƙƙiyar Warke kuwa, mai jar jaka, ta cika kantuna har ƙetare.

Saura Kulani. Ta girma, ta ɗauko hannun uwarta a suya, kuma ita kaɗai ce abin da Jabesa yake so bayan kansa. Da ya tsaya nan da ya tsira da ita. Sai ya ji ana samun kuɗi da gahawar kwalba, garin da ake zubawa a ruwan zafi ya narke a sha nan take. Ya gina masana'anta a bakin gari, ya sayo inji. Dattawa suka yi ta tsaki. Gahawa zama ake yi mata, a sha ta fari, a sha ta biyu, ba a tashi sai an sha ta uku mai albarka.

"Mai shan gahawa a tsaye ba shi da maƙwabci," in ji Nagawo. "Kai ma ka kusa zama haka."

"Hassada ce za ta kashe ka, Yaya."

Ya koma dajin.

"Saura wa a gidan?" in ji bokan.

"Ba ruwanka da gidana. Inji ne zai soya, lebura ne a bakinsa. Ina da su da yawa."

"To madalla da wayo," in ji bokan, ya miƙa masa ƙullin.

Ranar buɗe masana'anta gari ya taru. Jabesa ya ja Tasisa, shugaban leburorinsa, gefe, ya danƙa masa baƙin ƙyallen.

"Waɗannan su za su fara shiga wuta yau, kafin komai. Ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Shi inji yake nufi. Amma Tasisa ɗan garinmu ne. A wurinsa wutar farko a rana irin wannan ba ta inji ba ce, ta kurfotin 'yar mai gida ce, wadda za ta ba baƙi gahawa kafin a taɓa komai. Sai ya wuce kai tsaye ya ajiye ƙullin a gaban Kulani, inda take zaune kan ciyawa cikin fararen kaya, ya ce babanta ya ce da waɗannan za ta fara.

Ina zaune kusa da ita ina jera finjalai. Jabesa yana can yana gaisawa da manya. Da ya waiwayo sai idonsa ya faɗa kan baƙin ƙyallen, a kwance, a shimfiɗe gefen gwiwarta. Ya ruga yana ture kujeru. Na ji ƙwaya ta fashe. Ya fizge kaskon da hannu, da zafinsa, ya kifa fuskarsa a ciki yana jan hayaƙin. Sannan ya juya wajen dajin yana ihu.

"Ni na fara! Ka gani, ni na fara shaƙa, ba ita ba!"

Bakinsa kuwa ya ƙi tsayawa. A gaban kowa ya zayyana dajin, da turmin, da gayyatar da ya yi wa Nagawo, da baƙuwar da ya so ya bayar. Kulani ta miƙe tsaye a hankali.

"Baba, har da Inna?"

Kaskon ya miƙa mata ya ce ta shaƙa. Tun daga ranar hankalinsa bai dawo ba.

Waɗanda suka zuba jari tare da shi a masana'antar sun gwada ci gaba da aikin. Kwalaben da aka cika, in an buɗe, garin ya dunƙule kamar dutse, yana warin ƙonannen gashi. Motoci suka yi ta dawowa da su, sannan da jajayen jakunkunan, sannan da baƙaƙen. An sayar da benen. Masana'antar tana nan, jemagu ne a ciki, kuma ko akuya ba ta kiwo a harabar.

Wane ne ya fara shaƙa tsakanin Jabesa da Kulani, ba wanda ya sani. Da alama bokan bai tsaya raba gardama ba. Kulani tana gidan Nagawo yanzu. Ba ta jin ƙamshin komai, kuma da an hura kurfoti sai ta tashi ta shige ɗaki. Yarinyar da duk layinmu ake yabon suyarta ba ta ƙara taɓa kasko ba. Wani lokaci takan yi ɗan tari, sai mu duka mu tsaya muna kallon abin da za ta tofar.

Ku masu tofar da yawu in motar ɗan'uwanku ta wuce, ga Jabesa nan a layin gishiri, ku je ku gani. Duk mai ba ka dukiya ya ce ka biya da ran wani, ya fi ka sanin wanda zai ɗauka. Hayaƙin da ka hura wa na kan kujera, ta fuskar naka yake fara bi. Allah ya raba mu da kwaɗayi, ya bar mu da finjalinmu da maƙwabtanmu.