Kafiretocin Clarrie

"Kowa ya kwanta!"

Daga bayan sitiyari Clarrie Behn ya jiyo muryar Merv ta tagar ofishin kasuwar tumaki ta Koolinga. Kujera ta faɗi. Wani ya fara salati irin nasu. Rana tsaka ce, ranar ciniki, ranar da dillalai ke zube kuɗi a teburin Misis Hanlon, mai karɓar kuɗin kasuwar.

Clarrie ko waiwaye bai yi ba. Kunnensa na kan injin.

Wai shi ne direban 'yan fashi. Makanike ne da matarsa ta bari don ta gaji da tarar da sassan inji a kwanon wanke-wankenta. Motar ba tasa ba ce. Merv Tolley ne ya sato ta daga wani gari mai nisa, tsohuwa mai silinda shida, tsatsa har gindin ƙofa. Amma abin da ke ƙarƙashin bonet nasa ne: kafireta uku, masu haɗa wa inji fetur da iska, a jere kamar 'yan uku.

A kasuwar tsofaffin kaya ya tsinto su, sun toshe da daskararren fetur, gizo-gizo ya yi gida a ɗaya. Sanyin shekarar kaf a kansu ya ƙare. Ya warware su a kan farin zane, ya jiƙa, ya bi kowane lungu da burushin haƙori. Ƙananan ƙofofin mai kuwa iska yake hura musu, bai taɓa zura musu waya ba, don waya faɗaɗa ƙofa take yi. Ya yanka sabon fakin mai hana yoyo da hannunsa. Ya sa ɗan tiyo a kunne yana sauraron shaƙar kowace, yana murɗawa kaɗan-kaɗan, har ukun suka koma numfashi ɗaya.

Tun farko Merv ya gaya masa, "In an gama, wuta za mu sa mata." Clarrie ya ce to. Motar ya ji. Bai bar zuciyarsa ta tuna abin da ke cikin motar ba.

A ciki, Misis Hanlon ta ƙi sakin jaka. Dattijuwa ce, gilashi a ƙarshen hanci. Ta dubi ƙaton da ya rufe fuska da safar mata, ta ce, "Uwarka ta san ka ɗauko mata safa?"

Snowy ne, ɗan kawun Merv. Bai iya amsa magana ba, gindin bindiga ya iya. Ta zube a jikin akwatin ƙarfe.

Ƙofa ta bugu. Mutum biyu suka faɗo cikin mota.

"Taka ta! Taka ta, ɗan iska!"

Clarrie ya taka totur. Ba tari, ba shaƙewa — motar ta zabura kamar an cire mata shekara ashirin. Suka wuce rumbunan alkama, suka tsallake layin dogo. Jiniya ta taso a baya, ta biyo su, ta yi nisa, ta ɓace.

"Kun ji ta?" in ji Clarrie, yana murmushi. "Kun ji yadda take ja?"

"Na ji kamar na kashe tsohuwar nan," in ji Snowy.

"A giya ta uku ma ba ta nemi komai ba," in ji Clarrie, hankalinsa na kan motar.

Suka gangara busasshen rafi, inda suka ɓoye a-kori-kura ƙarƙashin itatuwan turare. Merv ya ɗauko jarka ya fara kwarara fetur a kan kujeru. Warin ya daki hancin Clarrie, sai a lokacin maganar nan ta iso masa gaba ɗaya. Ya ɗaga bonet. Ga su nan suna ƙyalli, suna ɗan ƙas-ƙas na zafi.

Ya zaro sifana daga aljihun baya.

"Me kake yi?" in ji Merv.

"Yanzu-yanzu, mutumina. Cire su kawai zan yi."

"Cire me?"

"Ba za a ƙona waɗannan ba."

Merv ya dubi Snowy, ya dubi sama. "Jakar nan za ta saya maka irinsu ɗari, sakarai."

"Babu irinsu. Ni na yi su."

"Baaba, 'yan sanda na bayanmu," in ji Snowy.

"To ku riƙe mini bonet, ya fi surutu."

Ƙarfen na ƙuna. Fatar yatsunsa ta tashi, bai ji ba. Noti na farko ya fita, na biyu ya ƙi. Yana cikin lallaɓa shi ya ji a-kori-kura ta tashi. Merv ya leƙo ta taga, jakar a cinyarsa, ya wurgo masa ashana.

"Kasonka na ƙarƙashin bonet, Clarrie. Ka aure su."

Suka tafi.

Da wani ne, da ya bi su da gudu yana zagi. Clarrie cewa ya yi a ransa gara haka, yanzu ba mai gaggauta shi. Ya sauke ukun ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su a rigarsa. Sannan hannunsa ya yi abin da ya saba yi tun yana ɗan koyo, ba tare da ya shawarci kansa ba. Ya ƙyasta ashana ya jefa cikin motar, ya ratsa gonakin alkama zuwa gida, ɗaurinsa a ƙirji kamar mai jego.

Hayaƙi ne ya kawo Sajan Kowald. Ya jira ƙarfen ya huce, ya ɓalle bonet da sanda. Ya daɗe yana kallo. Sai ya fashe da dariya har ya dafa gwiwa.

Inda kafireta suke, babu komai. Amma kowane noti an mayar da shi kan kusarsa, an ɗaure daidai, don kada ya ɓace. Kowace ƙofar iska an cusa mata tsumma don kada datti ya shiga, ga tokar tsumman nan a ciki. A motar da za a cinna wa wuta.

Shi ma Sajan yana da tsohuwar mota da yake wankewa duk Lahadi, kuma ya san garejin da ake mayar masa da ita haka. Ya goge ido, ya ce wa kansa, "Haba, Clarrie."

Ya same shi a rumfar bayan gida, farin zane a shimfiɗe, yana duba ko zafi ya lanƙwasa wani abu.

"Sannu da aiki."

"Yawwa, Sajan. Kar ka taka zanen."

"Misis Hanlon na asibiti. Ba a san ko za a ceci idon ba."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Clarrie, yana hura wata 'yar ƙofa. "Su waɗannan, ina za a kai su?"

"Ɗakin ajiyar shaida. Rufin na yoyo, ka sani. Su kwana biyu a ƙasa, sai tsatsa."

Clarrie ya ɗago a karon farko. Fuskarsa ta yi fari.

"In an naɗe su a tsumma mai mai fa? A sa su a kan kanta, ba a ƙasa ba?"

"Ana iya yi," in ji Sajan. "Ina Merv?"

Ko numfashi Clarrie bai ja ba. "Tsohuwar rumfar askin tumaki, bayan madatsar ruwa."

Farashin mutum biyu ke nan: tsumma da kanta.

Kafin rana ta faɗi an zagaye rumfar. Snowy ya fito da bindiga a hannu — harbi biyu, ya kife a kan ulu. Merv ya fito hannu sama, yana zagin kafireta da uwar kafireta. Alƙali ya ba shi shekarun da zai fito da sanda. Misis Hanlon ta rasa idon, ba ta sake zama a teburin nan ba. Clarrie ya sha shekara tara. A kotu an karanta duk wannan a gabansa, idonsa a bushe yake, yana kan teburin shaida inda aka ajiye kafiretocin.

Ranar da aka sake shi, ya sauka daga bas a Koolinga da 'yar jakarsa. Ba wanda ya zo tarbarsa. Yana tsaye sai ya ji wata mota na tahowa, tana tari, tana aman baƙin hayaƙi. Ta tsaya a gabansa. Kowald ne, ya yi ritaya, ya yi tumbi.

"Ka gane muryarsu?" ya ce. "A gwanjon kayan shaida na saye su, ba wanda ya taya sai ni. Sun ɗan toshe bara, amma kar ka damu, na gyara da kaina. Waya na zura musu, duk ukun."

Clarrie ya ajiye jakar, ya zauna a bakin titi. Mutumin da bai yi wa Snowy hawaye ba, bai yi wa idon dattijuwa ba, ya rufe fuska ya yi kuka kamar an aiko masa da rasuwa.