Layi Biyu a Ƙasan Allo

"Wa ya taɓa min aikina?!"

Da ƙarfi na faɗa, har sai da kowa a ofis ya ɗago kai. Kwana huɗu na yi ina fassara fim ɗin nan, irin fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, na zo da safe na tarar an yi mata aski.

"Ni ne."

Ko juyowa bai yi ba. Shi ke duba aikinmu kafin ya fita. Almakashi ake ce masa, kuma yana amsawa.

"Malam, kalma ashirin da biyu na rubuta, ka bar min bakwai!"

"Zauna ki karanta taki."

Ya mayar da tawa, ya saki fim ɗin: "Haba mijina, haba mijina, ai na sha faɗa maka tun ba yau ba cewa ni ba zan taɓa barin gidan nan ba." Ban kai rabi ba rubutun ya ɓace.

Sai ya sa tasa: "Na faɗa maka, ba zan tafi ba."

"Sakan huɗu matar ta yi tana magana," in ji shi. "Ke da kika rubuta ba ki gama karantawa ba, ina ga mai kallo?"

Haushi kamar in fashe... amma gaskiya ya faɗa.

Daga ranar ya ja min kujera kusa da teburinsa. Layi biyu kawai ake yarda da su, kowanne kar ya wuce harafi arba'in. Abin da aka maimaita a cire. Sunan da mai kallo ya riga ya sani a cire. In mutum na ɗaga hannu a bakin mota, ba sai na rubuta "sai an jima" ba, ido ya gani. "A halin da ake ciki yanzu" ta koma "yanzu". "Ko za ka taimaka ka rufe ƙofar?" ta koma "Rufe ƙofar."

"Amma in mutum ya ce a'a, kar ki taɓa masa a'arsa. Yanke komai, ban da wannan," in ji shi.

Wata biyar muna haka. Ni ban san ranar da na fara zaɓen mayafi saboda shi ba.

Wata ranar Talata ya tare ni a kan matakala.

"Ina sonki. In je gida?"

"Shi ke nan maganar?!"

"Sauran maimaici ne."

Na rufe fuska ina dariya.

Ashe ƙanwar Manaja, wadda ke zama a teburin gaba tana tura wa masu fim aikinsu, ta ji mu. Shekara biyu tana kawo masa shayi bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba.

Bayan sati ɗaya aka dawo mana da wani fim da na fassara. Manaja ya tara mu ya kunna wurin. Rubutu ya fito, "Na yafe maka," sai ga jarumar ta sharara wa mijin mari.

"Kin zubar mana da mutunci!" Manaja ya daka min tsawa.

"Wallahi 'Ban yafe maka ba' na rubuta!"

"Gajartawar ce ta yi mata yawa," ƙanwarsa ta ce tana duba farcenta.

Almakashi ya matso. Ya buɗe kwamfuta ya juya wa Manaja allon. Gyaran ƙarshe daga teburin gaba aka yi shi, lokacin muna cin abincin rana.

Ƙanwar tasa ta fashe da kuka, Manaja ya ce ta koma gida. Na ɗauka an gama.

Da yamma na tarar da Umma a tsaye a bakin kicin, waya a hannu.

"Auta, da gaske ne? Ke da wani namiji a ɗaki mai duhu, kuna kallon fim ɗin soyayya tun safe har yamma?"

"Umma, mu tara ne a ɗakin!"

Amma maganar da ƙanwar Manaja ta ƙulla ta riga ta kai wa Baba. Ya ce aikin ya ƙare.

Almakashi ya zo gaishe shi, abin ya ƙara lalacewa. Kunnen Baba ya yi nauyi, shi kuwa muryarsa can ƙasa, maganarsa ba ta wuce kalma uku.

"Yaron nan girman kai gare shi," in ji Baba. "Gaisuwa ma awo yake mata. Ban ba shi ba!"

Sati uku ina gida, ko abinci sai Umma ta yi da gaske nake ci.

Ana haka Yayana, wanda ya shekara shida yana aiki a nesa, ya turo saƙon bidiyo. Kullum haka ake yi: mu kunna, mu riƙa yi wa Baba ihu a kunne, ya ji kunya ya ce a bari. Wannan karon na ɗauko kwamfutata na rubuta masa maganar a ƙasa. Sai dai karatun Baba a hankali ne, da yatsa yake bi. Kafin ya kai kalma ta huɗu an wuce.

Ya ture wayar. "Bar shi, Auta."

Na kalli Umma. Ta kawar da kai ta ce, "Ni dai ban ga kina tura wa kowa komai ba."

Na tura wa Almakashi bidiyon.

Bayan awa biyu ya dawo da shi, da ɗan saƙo: "Ga shi, rabin raina. Ki ci abinci."

Layi ɗaya-ɗaya ya yi, manyan haruffa, kalma huɗu ko biyar. Surutun Yaya na zafi da cunkoson mota duk ya dunƙule shi: "Lafiyata lau. Aiki da yawa." Wuri ɗaya ne bai yanke ko harafi ba. Ya tsayar da hoton cak a kan fuskar Yaya har sai an karanta duka: "Baba, na san ba ka jin muryata yanzu, amma ni kullum ina jin taka, kamar kana tashina makaranta."

Sau uku Baba ya kalla. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Wa ya yi wannan?"

"Mai girman kan ne," in ji Umma.

Washegari aka kira shi. Ni da Umma muna laɓe a bayan labule.

"Ɗaga murya!" in ji Baba.

"INA WUNI, BABA! YA GIDA? YA JIKI? YA IYALI? YA... YA MAƘWABTA?"

Umma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"To, ya isa, kar ka tara min unguwa. Na ba ka. Ta koma aikinta ma. Amma duk saƙon da ɗana ya turo, ta hannunka zai biyo."

Bayan wata biyu aka ɗaura mana aure.

Yanzu duk ranar hutu muna zuwa gida. Tun daga bakin ƙofa Baba ke miƙo hannu, ba ni yake miƙa wa ba, wayar surukinsa yake nema. Ni 'yar cikinsa sai in durƙusa in ta jira, sai ya kalla sau biyu sannan ya ɗago ya ce, "A'a, Auta! Yaushe kika zo?"