Maɓallin da Ya Saki San Yero

Turken yana nan, igiyar ma tana nan, san ne babu.

Yero, wani dattijon Bafulatani daga Karare, ya daɗe tsaye a garken da ke bayan ofishin ƙungiyar manoma da makiyaya a Safana. A nan ake ajiye dabbobin da aka ƙwato daga daji kafin masu su su zo. Farin sansa mai karyayyen ƙaho yana cikinsu, da idonsa ya gan shi a makon jiya. Yau Litinin ya zo ɗauka, ga ruwa ya sauka kowa na huɗa, sai kwamfutar ofis ta ce wai an saki san tun ranar Alhamis.

Kafin hantsi ya dubi ludayi an aika a kira Zuwairatu, wadda ta rubuta wa ƙungiyar manhajar. Aikin manhajar ba wuya. Kowace dabba tana da layinta a jeri, da lambarta da kamanninta da sunan mai ita, a ƙarshen layin kuma akwai maɓallin da aka rubuta wa "Saki". In an danna shi, takardar fita ta fito, mai gadi ya ba da dabba.

Ta tarar da Alhaji Daudu, shugaban ƙungiyar, a bakin ƙofa yana yi wa jama'a bayani, kuma bai sassauta murya don ya hango ta ba.

"Ga ta nan. Na'urarta ce ke raba dabbobin mutane kamar goron suna. Ko da gangan ne, Allah masani."

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, domin a Safana in aka ce da gangan, an gama ce maka ɓarawo. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta wuce ciki.

Saje Faisal, ɗan sandan da aka kira, na zaune kan benci. Kusa da kwamfuta kuma ga Rilwanu, sakataren ƙungiya, ɗan ƙanin Alhaji, mutumin da bakinsa ke riga hankalinsa isa wuri. Ba a tambaye shi ba ya fara.

"Yallaɓai, tsohon ciwo ne. Ranar kasuwar Batsari mukan jera sunaye gari-gari, don mutanen Runka su karɓi nasu su kama hanya da rana tsaka. To da an sake jerin, maɓallin ba ya bin dabbarsa, gurbin da yake da farko yake bi. Ka danna na wannan, ya saki na wancan. Haka aka yi da awaki watan jiya, har Baba ya hana ta sake taɓa kwamfutar."

"Haka ne?" in ji Saje.

"An yi haka da awaki," Zuwairatu ta ce.

Alhaji ya shigo ya tura mata takarda da biro. "Sa hannu cewa laifin na'urarki ne, ki biya bawan Allah sansa, a wuce wurin."

"Ba zan sa ba, Alhaji."

"Ke, ɗiyar nan, da wa kike magana?"

"Da kai, kuma da ladabi. Yallaɓai, a ba ni zuwa azahar. In ban kawo mai laifi ba, ka tafi da ni."

Saje ya dube ta, ya dubi agogo, ya ɗaga kafaɗa.

Da mai gadi ta fara, Malam Nurain, wanda ke zaune gindin dalbejiya.

"Baba, wa ya zo da takardar?"

"Wani ne da motar a-kori-kura, wai daga Runka. Ni ban san shi ba. Lamba na duba, ta yi daidai da ta kunnen sa, na kwance."

"Da ya ga san, ya yi gardama? Ya ce ba wannan ya zo ɗauka ba?"

"Ina fa. Shi ya riga ni isa turken."

Ta juya maganar a ranta. Wanda kuskure ya ba dabbar wani yakan yi turus, ko da na ɗan lokaci ne. Wannan ya san abin da ya zo ɗauka. Malam Nurain kuwa ko kunna kwamfuta bai iya ba, balle ya fitar da takarda, don haka ta cire shi daga zargi.

Saura masu taɓa kwamfutar, su biyu ne: Rilwanu da Naja'atu. Ta ja Naja'atu, mai shigar da sunaye, gefen randa.

"Ina kike ranar Alhamis?"

"Na tashi kafin azahar, na kai yarona asibiti. Ki tambayi kowa."

"Maganar nan tamu, kin faɗa wa wani?"

"Ko maigidana bai ji ba. Ina tsoron Alhaji ya kore ni."

"To ki daure, yau za ta fito."

Da ta koma ofis an cika maƙil, har ta taga ana leƙe. Ta zauna nesa da kwamfutar ta naɗe hannu.

"Malam Rilwanu, wa ya danna maɓallin ranar Alhamis?"

"Ni ne, ban ɓoye ba. Mutumin ya zo karɓar maraƙi, na danna layin maraƙin."

"Jerin yana gari-gari a lokacin?"

"Na faɗa."

"Ba ka duba takardar ba kafin ka miƙa?"

"Mutane sun yi yawa."

"Yallaɓai ka ji. Alhaji, tun yammacin Alhamis makullin ofis yana hannun wa?"

"Yana aljihuna. Ni na buɗe da safen nan."

"Ke nan ba wanda ya taɓa kwamfutar a tsakani. Malam Rilwanu, maraƙin yana garke har yanzu, ga sauran dabbobin ma. Jera su gari-gari ka danna, mu ga yadda take sakin na wani."

Rilwanu ya gyara hula ya zauna da ƙarfin gwiwa. Ya jera, ya danna layin maraƙin. Firinta ta yi ƙara ta turo takarda, Saje ya zare ya karanta.

"Maraƙi, ja, na Runka."

"Wani sa'in sai an maimaita," in ji Rilwanu. Ya danna na wata tunkiya, takardar tunkiyar ta fito. Ya sake jerin ta sunaye ya danna na wata saniya, ita ɗin ce dai ta fito.

Zuwairatu ta miƙe. "Wancan ciwon na warkar da shi tun bayan awaki. Alhaji ya hana ni taɓawa, ni kuwa ba zan bar aikina da aibi ba, sai na roƙi Naja'atu ta buɗe mini wata Juma'a. Da, maɓallin gurbi yake riƙewa: na uku, na huɗu. Yanzu na ɗaure kowane maɓalli da lambar dabbarsa, duk inda layin ya koma tare suke tafiya. Naja'atu ta san da gyaran, ba za ta fake da ciwon da ta san babu shi ba. Malam Rilwanu ne bai sani ba. Takardar san Baffa Yero ba ta fitowa sai an danna layin san Baffa Yero, kuma da bakinsa ya ce shi ya danna."

Yero ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaro, ina kunka kai shi? Da shi nike noma."

Rilwanu ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi ƙasa. Da Saje ya ciro ankwa, bakin nan mai sauri ya yi aikinsa: san yana ɗaure a gidan wani abokinsa a Batsari, ana jiran ƙura ta lafa a sayar.

Alhaji Daudu ya yi gyaran murya ya tura ƙyauren ofis ya rufe. "Saje, abin gida ne. Tunda sa zai dawo, a fita da yaron ta baya. Ke kuma, Zuwairatu, kin shiga ofis ba izini, amma na yafe."

"Ban nemi yafiya ba, Alhaji. Uwata tana cikin garin nan, kuma kafin la'asar za a kai mata labarin an ce na ci san mutane. Ba a ɗaki aka ɓata ni ba, ba kuwa a ɗaki za a wanke ni ba."

Ta taka ta buɗe ƙyauren har ya bugi bango, ta tsaya riƙe da shi. Jama'a suka dare gida biyu.

Saje bai ko dubi Alhaji ba. Ya tasa ƙeyar Rilwanu, suka fita ta ƙofar gaba.